Injin Baba Atiku Ya Daina Fitsari

A tashar 'yan kabu-kabu ta Gwandu babu wanda bai san Lukuman ba, kuma babu wanda ya taɓa hawa bayansa sau biyu da son ransa. Shi ya raɗa wa kansa suna Ƙure-Maleji, ya sa aka rubuta masa a bayan riga. Babura uku suka mutu a hannunsa cikin shekara huɗu, na ƙarshen a kan hanyar Dodoru, da buhun gero da mai geron a bayansa. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce ƙarfen zamani ne ba shi da zuciya.

Yana zaman rashin abin hawa, damina ta yi nisa, sai labari ya zo daga gidan surukansa. Surukin nasa, Baba Atiku, masunci ne a wata tunga da ke ƙetaren fadamar Kalgo. Duk shekara in ruwa ya cika fadama hanya takan nutse, mutanen tunga ba su da yadda za su kai kasuwar Kalgo sai ta jirgi. Bana tsohon ya sayar da shinkafar da ya noma da rani kakaf, ya sayo inji ya ɗaura wa babban kwale-kwalensa. Bai yi wata guda yana jin daɗinsa ba ciwon baya ya kwantar da shi, aka ce yana neman wanda zai riƙe masa tuƙi har ruwa ya janye.

Lukuman ya shiga gida da sauri ya sami matarsa Rahmatu tana tankaɗe.

"Haɗa kaya. Ga inji can babu direba, ga direba nan babu inji."

Rahmatu ba ta ɗaga kai ba. "Ka taɓa shiga jirgi?"

"Inji inji ne. Wanda yas san na tudu ya san na ruwa. Can ma ya hi sauƙi, babu rami, babu akuya, babu ɗan sanda."

"Akwai ruwa."

"Shi ad daɗin abin, hanya ce mai laushi."

Tun daga Gwandu har Kalgo bakinsa bai huta ba a cikin mota. Sawu biyu ake yi ran kasuwa, shi zai yi bakwai. Kafin kaka zai sayi jirgi na biyu, ya yi masa fenti kore, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Baɗi kuwa sai ya buɗe makarantar koyon tuƙi, don mutanen ruwa sun daɗe cikin duhu. Da suka shiga ƙaramin kwale-kwalen da zai ƙetarar da su dai ya yi shiru, ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu har aka isa.

Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gai da surukinsa. Baba Atiku yana kishingiɗe a tabarma, mutum ne mai tauna magana kafin ya fitar.

"Gobe kasuwa," in ji tsohon. "Ɗana Ubaidu ka tuƙi tun da nik kwanta, amma ina son shi ga gona. In ka kai mata Kalgo ka maido su lahiya, inji na hannunka har kaka. Wanga inji shi ne noman ranina gaba ɗai. Ban da wani."

"Baba, ka ɗauka ɗanka na cikinka ka ba amana."

"Ɗana na cikina shi za ya gwada maka yadda a ka yi. Ubaidu, kai shi bakin ruwa."

Ubaidullahi ƙanin Rahmatu ne, dogo, magidanci, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Tsakaninsa da mijin yayarsa akwai wasa, kuma bai taɓa barin damarsa ta wuce ba.

"Direban tudu, matso. Kada ka ji tsoro, bai cizo."

Lukuman ya leƙa injin, ya ga hannun tuƙin da totur na murzawa irin na babur sak. Nan take ƙirjinsa ya buɗe.

"Wanga ai ɗan gida ne. Ina ka ka tsaida totur?"

"Rabi da ɗan ɗori. In kaya sun yi nauyi in ƙara kaɗan, in sassauta. Makanike ya ce ƙure shi kullum shan mai ne da gajiyar da ƙarhe."

Lukuman ya yi dariya har da riƙe ciki. "Shi ya sa kunka tsaya inda kuke. Inji ba ya son tausai. Lallaɓawa ka tara mishi datti ga ciki. Kuma mi ka sanyaya inji? Iska. Ina a ka samun iska? Gudu. To wanda ya ƙure totur shi am mai ƙaunar inji."

"Babura ukun nan ƙauna ta kashe su ke nan."

"Ajali ne."

"To saurara. Wanga ba iska shi ka sha ba, ruwa shi ka ja daga ƙasa, shi zagaya..."

"Ruwa cikin inji? Ubaidu, je ka kama kihinka. Ni da inji mun girmi wanga bayani."

Ubaidullahi ya ɗaga kafaɗa ya tafi duba tarunsa. Lukuman ya ja igiya, inji ya tashi, ya tsaya yana sauraron ƙararsa da kai a karkace kamar likita. Can sai idonsa ya faɗa kan wani abu. Daga wata 'yar ƙofa a gefen injin, siririn ruwa yana tsartuwa ba ƙaƙƙautawa.

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san wannan ruwan. Fitsarin inji ake ce masa. Shi ke shaida cewa inji yana jan ruwa yana sanyaya kansa, kuma matuƙi yakan waiwaya ya dube shi fiye da yadda yake duban gabansa. Ranar da ya tsaya, to ciyawa ko leda ta toshe wurin shan ruwan, sai a kashe inji nan take a cire. Amma a tashar Gwandu, duk abin da ya ɗiga daga jikin inji yoyo ne, yoyo kuwa abin kunya ne ga mai abin hawa.

"Allah sarki Baba," Lukuman ya faɗa a ransa. "Sun sayar mishi da hudajjen inji, kuma duk tungar babu mai ido."

Ya kashe injin, ya zaro tsinken ashana da 'yar kwalbar gam ɗin da ba ya rabuwa da ita tun zamanin babur. Ya cusa tsinken, ya karya, ya malala gam, ya busa har ya bushe. Da ya sake tayarwa ko ɗigo babu. Ya yanke shawarar ba zai faɗa wa kowa ba sai a gaban jama'a, don alheri irin wannan bai kamata ya tafi a ɓoye ba.

Da safe Ubaidullahi ya ɗauki mahaifinsa a ƙaramin kwale-kwale suka yi gaba da filafili, za a duba bayan tsohon a Kalgo. Hantsi na ɗagawa mata suka cika babban jirgi. Akwai Hajara, kakar Rahmatu, da kwandunan kifi banda. Tsohuwar tun ranar ɗaurin aure take kiran Lukuman angonta. Akwai Mubaraka, wata Bafillatana daga ruga, da ƙwaryar nono a cinya. Sauran kuwa masu shinkafa ne da masu kuɓewa, da rago guda da aka ɗaure a tsakiya.

Lukuman ya iso da rigar Ƙure-Maleji da baƙin tabarau. Abin da ya fara yi shi ne ya kwashe filafilai biyu da gorar tura jirgi ya jefa su tudu.

"Angona, mi kaka yi haka?" in ji Hajara.

"Amarya, hilahili cikin jirgin inji cin mutunci ne. Ku riƙe kallabinku."

Ya ja igiya, ya murɗe totur har ƙarshe, ya banka giya. Jirgi ya zabura, ya tsaya cak, mata suka kifa kan juna, rago ya zauna a kan kuɓewa. Ashe bai kwance igiyar baya daga jikin turke ba. Kafin kowa ya buɗe baki turken ya tumɓuke, jirgi ya fita a guje, turke yana tsalle a bayansa kamar kare ya biyo ubangidansa.

Gaba kaɗan hanyar ruwa ta karkata dama. Lukuman ya tura hannun tuƙi dama, yadda kowane mai hankali zai yi da kan babur. Jirgi ya yi hagu. Ya ƙara turawa, jirgi ya ƙara yin hagu, ya kutsa cikin shinkafar wani bawan Allah da ke tsaye cikin ruwa yana cire ciyawa. Ƙafar Lukuman ta dama ta shiga lalube tana neman birki, ta sami kwandon banda ta taka.

"Kihina ne birkin?" Hajara ta ɗaka masa duka a ƙauri. "Juya shi baibai, ɗan tudu. In kana son dama ka tura hagu."

"Na sani. Gwada shi ni kai."

Suka fito daga gonar da zangarniyar shinkafa a goshin jirgi, mai gona yana bin su da kalmomin da ba a rubutawa. Turken da ke biye da su ya ga tarun wani masunci shimfiɗe a bakin hanya, ya ɗauko shi. Masuncin yana cikin ɗan kwale-kwalensa riƙe da ɗaya bakin tarun, sai ga shi ya shigo tafiyar ba da shawararsa ba. Ya bi su zira'i kusan hamsin yana salati kafin ya saki.

"Ku gaida Baba Atiku," ya ƙwala musu. "Ku ce ina tahe."

Mubaraka ta rungume ƙwaryarta. Nonon ya kaɗu har mai ya fara tasowa. "Malam direba, rage mana kaɗan don Allah. Kindirmo nid ɗauko, ba man shanu ba."

"In na rage inji ya yi zahi. Ilimi ne, ba ki ganewa."

Hajara ce ta waiwaya. Shekara sittin tana shiga jirgi, kuma tun da injuna suka shigo gulbi idonta ya koyi inda ake dubawa. Ta ƙura ido, ta goge, ta sake ƙurawa.

"Angona, injin ga bai hitsari."

Lukuman ya so ya adana labarin sai Kalgo, amma daɗi ya ci ƙarfinsa. Ya gyara tabarau.

"Kin gani ke nan. Yoyo ne, jiya na warkar da shi. Wata guda kuna yawo da hudajjen inji."

Sai mata suka ɗauka gaba ɗaya. Wata na cewa a kashe, wata na cewa a sauke ta ko a kan tururuwa ne, mai rago tana tambayar wa ya aura wa Rahmatu wannan. Hajara ta ce, "Kai, wancan ruwan shi a bakin inji. Da shi ya ka hwaɗin lahiyatai."

"Inji mai lahiya bai zuba. Ku bar ma masu sana'a sana'arsu."

Don ya rufe musu baki da aiki, sai ya hango rumfunan kasuwar Kalgo ta saman wata shimfiɗaɗɗiyar ciyawa. Hanyar jirage ta zagaye ciyawar ta yi dogon lanƙwasa. Lukuman, wanda bai taɓa ganin lungu ya ƙyale ba, ya miƙe ta ciki.

Farfela ta shiga sara, ganye na tashi sama. Jirgi ya rage gudu, ƙarar inji ta sauya, ta koma irin ta mai mura. Wani wari ya taso.

"Wa ka gasa roba?" in ji Mubaraka.

Lukuman ya taɓa murfin inji ya janye hannu da sauri. Zafi. Ya san maganin zafi. Ya kama totur da hannu biyu yana murɗawa, ko da akwai sauran da masu ƙera shi suka ɓoye.

"Iska ya ka so. Mu hita ciyawar ga ku ga aiki."

Sun fita kuwa. Suka ɓullo fili, mashigar Kalgo tana gabansu, jama'a cike, masu lodi da masu jiran kaya, har ana iya gane fuskar mutum. Lukuman ya miƙe tsaye don a gan shi da kyau, ya ɗaga hannu guda. A daidai nan inji ya yi tari biyu, ya yi wata ƙara kamar an saki tabarya cikin turmin ƙarfe, ya yi shiru. Hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin murfi a natse.

Jirgi ya ɗan yi gaba da sauran ƙarfinsa, ya juya gindi ga kasuwa, ya tsaya.

"Hutawa ya kai," in ji Lukuman.

Ya kama igiyar tayarwa ya ja. Ba ta motsa ba. Ya taka gefen jirgi, ya tattara ƙarfinsa duka ya fizga. Igiya ta ƙi, hannunsa ya zame, ya tafi da baya ya bi ta kan ƙwaryar Mubaraka, shi da nono suka faɗa gulbi tare.

Abin da ya biyo baya mutanen mashiga sun daɗe suna kwaikwayonsa. Ƙure-Maleji yana dukan ruwa da hannu da ƙafa, yana kalmar shahada, yana kiran Rahmatu ta yafe masa, yana shan ruwa tsakanin kalma da kalma. Hajara ta bar shi ya kai ƙarshen wasiyya, sannan ta leƙo.

"Angona, miƙe tsaye."

"Na mutu, Inna."

"Miƙe ka mutu tsaye."

Ya miƙe. Ruwan iyakarsa cibiya.

"Nan shanunmu ka ƙetarewa," in ji Mubaraka, tana duban ƙwaryarta da babu komai. "Har 'yan maruƙa."

Babu filafili, babu gora, duk suna can tudu inda mai ilimi ya jefa su. Hajara ta kwance igiyar gaba ta wurga masa. Lukuman ya rataya a kafaɗa ya fara ja, laka tana cire masa takalmi ɗaya bayan ɗaya, nono yana gangarowa daga gashinsa, ga turke da tarun mutane suna biye. Mata kuwa suka sami abin yi.

"Ƙure totur, direba."

"Kada ki matsa mishi, bai sha iska ba."

"Ku duba ko yana hitsari, kada shi ma shi buga."

Da ya iso gaci, mutum na farko da ya gani shi ne Baba Atiku zaune a kan buhu, sandarsa a gefe, Ubaidullahi na tsaye a bayansa. Sun riga su isowa da filafili, har an duba bayan an ba da magani.

Aka kira Abdulrahman, makaniken injinan ruwa da ke da rumfa a bakin mashiga. Ya ɗaga ƙafar injin, ya zaro curin ciyawa da wata baƙar leda daga wurin shan ruwa. Ya buɗe murfi, ya gwada juya inji da hannu, ya girgiza kai. Sai ya tsaya yana duban 'yar ƙofar nan. Ya sa tsinin wuƙa ya ƙwaƙulo wani abu, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Wane ne mai ashana?"

Mata goma sha ɗaya suka nuna da baki.

Lukuman ya share nono daga gira, ya matso. Ko a nan bai ga abin da ya ɓaci ba sai suna, kuma suna ana iya ceto shi.

"Malam Abdulrahman, kai masani ne kamata. Hwaɗa musu tsakaninka da Allah. Ƙure totur ka kashe inji?"

Makanike ya mayar da wuƙarsa aljihu. "In inji na shan ruwa, mai ya ji haɗi daidai, kana iya ƙure shi ka sassauta, ba ya mutuwa don wannan. Sai dai shi sha mai, kuma in kullum ne shi tsuhwa da wuri. Wanga ƙishirwa ta kashe shi. Ciyawa ta toshe mishi maƙoshi, ya so shi hwaɗa maka, ya iske ka liƙe mishi baki."

Lukuman ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Kun ji da kunnenku. Ba totur ba ne. Tun jiya ni ka hwaɗa ma Ubaidu."

Dariyar da aka yi har masu awon shinkafa suka baro mudunsu suka zo tambaya. Baba Atiku kaɗai bai yi ba. Ya daɗe yana duban injin, noman raninsa guda, yana huce hayaƙi. Ya tambayi makanike ko zai tashi. Abdulrahman ya ce zai tashi, amma sai an aika Yawuri an nemo kayan ciki, mako uku in an yi sa'a.

Tsohon bai dubi surukinsa ba, don mutumin kirki ba ya faɗa da mijin 'yarsa a kasuwa. Ɗansa ya yi wa magana.

"Ubaidu, gaya ma mijin yayarka, in inji ya tashi kai za ka riƙe tuƙi, ba shi ba. Aikin gona shi jira."

"Ya ji, Baba."

"Gaya mishi kuma alkawali munka yi, shi kai mata shi maido su. Kaiwa ya kai, ban da abin cewa. Saura maidowa. Ara mishi hilahilinka. Kuma tunda tunga ba ta da inji sai nan da mako ukku, ga wanda Allah ya ba mu."

Haka aka yi. Kasuwa uku Lukuman yana ɗauko mata da filafili yana mayarwa, ya gyara tarun masunci, ya yi wa mai gona kwana biyu na cirar ciyawa, ya ɗauki ƙwaryar Mubaraka a ka har ruga ya ba mijinta haƙuri. Tafin hannunsa ya yi kanta. Duk sanda ya tsaya ya numfasa a tsakiyar gulbi, Hajara takan waiwayo ta duba gefen jirgi da kyau, ta ce wa sauran, "Ku yi haƙuri, tsohon inji ne, na tudu."

Da ruwa ya janye ya koma Gwandu. Ran da ya isa tasha 'yan kabu-kabu suka kewaye shi suna tambayar yadda ya sami tuƙin ruwa. Lukuman ya zauna a kan babur ɗin wani, ya gyara abin da ya saura na rigarsa.

"Ku tahi Kalgo ku tambaya," ya ce. "Tun da anka kahwa garin, mutum guda ya taɓa shigo da jirgi cike da kaya har gaci, babu mai, babu hilahili, babu gora. Har yau in na bi ta kasuwa nuna ni a kai."

Mai babur ɗin ya miƙa hannu a hankali ya zare makullinsa.